Kujerar Girma ko Ƙoƙon Hidima: Darasi Daga Gaɓar Tekun Galisiya

Wa'azi domin Idin Waliyi Yakubu Manzo, 25 ga Yuli
Karatu: 2 Korintiyawa 4:7-15, Zabura 126, Matiyu 20:20-28



Ya ku 'yan'uwana ƙaunatattu cikin Kristi, yau Uwarmu Ikilisiya Mai Tsarki tana tunawa da Yakubu ɗan Zabadi, ɗan'uwan Yohanna, masunci na Tekun Galili. Ubangijinmu ya tarar da shi cikin jirgi yana ɗinkin taru, ya kira shi, nan take ya bar mahaifinsa da sana'arsa ya bi shi. Shi ne na fari cikin Manzanni goma sha biyu da ya hatimce shaidarsa da jininsa, gama littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 12, ya sanar da mu cewa Sarki Hirudus ya sa an kashe shi da takobi. Mutumin bakin ruwa ne tun asali, kuma cikin ikon Allah har yau sunansa yana haɗe da bakin ruwa, a wata ƙasa mai nisa ƙwarai da inda aka haife shi.

A zamaninmu wata irin tafiya ta yaɗu tsakanin matasa, musamman a ƙasashen Turai da Amurka. Ƙungiyar ɗalibai, ko ta matasan majami'a, ko ta abokan aiki, sukan haɗa kuɗi su tafi wata ƙasa mai gaɓar teku, su yi mako ɗaya ko biyu. Da safe su sa safar hannu su tsince leda da kwalabe da tsofaffin taruna daga cikin rairayi, ko su tuge baƙin ciyayi masu kashe tsiron asali na wurin. Da yamma kuwa su yi iyo, su tuƙa ƙananan kwale-kwale, su hau raƙuman ruwa a kan allo, su bi duwatsun gaɓa da ƙafa, su kwana cikin tanti. Waɗansu suna yabon abin, suna cewa ya fi hutun ci da barci. Waɗansu kuma suna cewa yawon buɗe ido ne kurum aka yafa wa mayafin aikin lada. 'Ya'yanmu da ke karatu a waje suna shiga irin wannan tafiya, waɗanda ke gida suna kallo a waya suna marmari. To, me Bishara za ta ce a kai? Gani ya kori ji. Bari mu je gaɓar ƙasar da ta riƙi Manzon nan ya zama majiɓincinta, mu ga abin da ya faru a can.

Inda ƙasa ta ƙare

Galisiya yanki ne a kusurwar arewa maso yamma ta ƙasar Sifaniya, arewa da Fotugal, yana fuskantar Tekun Atilantika. Bisa ga al'adar da Kiristocin wurin suka gāda, Yakubu ya kai Bishara can kafin ya koma Urushalima, kuma bayan kisansa almajiransa suka ɗauko gawarsa cikin jirgin ruwa suka binne ta a wannan yanki. Littafi Mai Tsarki bai faɗi haka ba, Ikilisiya ma ba ta ɗora wa kowa shi a matsayin rukunin bangaskiya ba. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, tun ƙarni na 9 ake girmama wani kabari a wurin da ya zama birnin Santiyago ta Kompostela. Santiyago kuwa Waliyi Yakubu ke nan da harshensu. Fiye da shekara dubu ke nan masu ziyarar ibada suna takawa zuwa can. Wanda ya yi aƙalla kilomita 100 na ƙarshen hanya da ƙafa akan ba shi takardar shaida, kuma a shekarar 2023 fiye da mutum 400,000 suka karɓe ta. A can ne Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tara matasan duniya cikin watan Agusta na 1989. Alamar da maziyarta ke ratayawa a jakarsu ma kyautar teku ce, wato ɓawon ƙumba mai siffar mafici.

Da yawa cikinsu ba su tsayawa a birnin. Sukan ƙara tafiyar kimanin kilomita 90 yamma, har Fistera, sunan da ke nufin ƙarshen ƙasa, domin mutanen dā sun zaci daga nan sai ruwa har iyakar duniya. Arewa da Fistera akwai Mushiya, ƙaramin garin masunta, inda aka gina majami'ar Uwargidanmu ta Jirgin Ruwa a kan duwatsu, dab da inda raƙuman ruwa ke fashewa. Mutanen garin sun gāji labari cewa a nan Budurwa Maryamu ta zo wa Yakubu sa'ad da ya karai saboda taurin kan masu jin wa'azinsa, ta ƙarfafa masa zuciya.

Ana kiran wannan gaɓa Gaɓar Mutuwa, saboda yawan jiragen da suka farfashe a kan duwatsunta. A watan Nuwamba na 1890 wani jirgin sojan ruwa na Ingila mai suna Serpent ya bugi dutse kusa da garin Kamarinyas. Cikin mutum fiye da 170 da ke ciki, uku kaɗai suka tsira. Talakawan ƙauyukan suka tsamo gawawwakin da teku ya amayar, suka binne su da mutunci, ko da yake ba danginsu ba ne, ba kuma harshensu ɗaya ba. Maƙabartar tana nan har yau. Ku riƙe wannan a zuci: tun kafin baƙi su zo yi musu hidima, mutanen gaɓar nan sun riga sun san yi wa baƙo hidima.

Baƙar ambaliya da farar ambaliya

Ranar 13 ga Nuwamba 2002, cikin hadari mai ƙarfi, wani jirgin dakon mai da ake kira Prestige ya tsage a gefe, ba nisa da Fistera. Tsohon jirgi ne, an ƙera shi tun 1976, bangonsa falle ɗaya, yana ɗauke da kimanin tan 77,000 na baƙin mai mai kauri kamar kwalta. Maimakon a shigar da shi wata tasha mai kāriya a kwashe kayansa, sai hukuma ta ba da umarni a ja shi nesa da gaɓa. Faransa da Fotugal su ma ba su yarda ya matso ruwansu ba. Kwana shida ana jan sa yana yoyo. Ranar 19 ga wata ya karye biyu, ya nutse kimanin kilomita 250 daga gaɓa, a zurfin fiye da mita 3,500. Fiye da tan 60,000 na mai ya malala cikin teku. Iska da igiyar ruwa suka kai shi gaɓar Galisiya, da sauran arewacin Sifaniya, har Faransa. Aka hana su a yanki mai faɗi. Dubban tsuntsayen teku suka mutu, fukafukansu sun manne. Matan da ke tonon ƙumba cikin rairayi idan ruwa ya janye suka wayi gari gonarsu ta zama baƙa ƙirin. A Mushiya man ya haura har kan titin bakin ruwa.

Waɗanda suka fara tashi su ne 'yan gari. Masunta suka fita cikin ƙananan jiragensu, suna kwasar man daga kan ruwa da duk abin da suka samu, waɗansu da hannu, domin su tare shi kada ya shiga mashigan ruwa inda suke kiwon ƙumba. Sa'an nan sai ga baƙi. Motocin safa suka riƙa isowa cike da ɗaliban jami'o'i, da ma'aikata, da ƙungiyoyin matasa, daga kowane sashe na Sifaniya da waɗansu ƙasashen Turai, dubbai a kan dubbai, cikin tsananin sanyin hunturu. Aka ba su fararen rigunan aiki masu haɗe da wando, da dogayen takalman roba, da takunkumi. Saboda farin tufafinsu sai mutane suka ce ga farar ambaliya ta zo yaƙi da baƙar ambaliya. Suka durƙusa a kan duwatsu suna kankarewa, suna cika bokiti, suna miƙa wa juna hannu da hannu har kan tudu. Sukan kwana a ƙasa cikin ɗakunan wasanni, matan gari suna dafa musu abinci. Abin da ya fi karya zuciya shi ne, inda aka share yau, gobe da safe teku ya sāke kawo wani man ya shimfiɗa. Duk da haka suka koma suka durƙusa.

Aikin bai tafi a banza ba, amma bai zo da arha ba. Binciken likitoci da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa masuntan da suka yi aikin sharar, shekara biyu bayan haka, suna fama da matsalar numfashi fiye da waɗanda ba su taɓa man ba. Bala'in ya sa Tarayyar Turai ta gaggauta hana jiragen dakon mai masu bango falle ɗaya. Kusa da majami'ar Mushiya kuma aka kafa wani ƙaton dutse mai tsawon fiye da mita 10, an tsaga shi biyu daga sama har ƙasa, aka sa masa suna Rauni, domin tunawa da masifar da kuma waɗanda suka zo taimako.

Ba a nan labarin ya ƙare ba. A watan Disamba na 2023 wani jirgin kaya mai suna Toconao ya zubar da kwantena a teku daura da Fotugal, ɗaya cikinsu yana ɗauke da kimanin tan 26 na ƙwayoyin roba, kowace ba ta fi ƙwayar dawa ba. A watan Janairu na 2024 sai ga 'yan sa-kai sun sāke durƙusawa a gaɓar Galisiya, wannan karo da rariya a hannu, suna tankaɗe rairayi kamar mai tankaɗen gari.

Laifi ne a ji daɗi?

Yau wannan gaɓa tana karɓar ƙungiyoyin matasa irin waɗanda muka ambata da farko. Akwai hanyar ƙafa da ake kira Hanyar Hasumiyoyin Fitila, mai tsawon kimanin kilomita 200, daga Malfika zuwa Fistera, an raba ta zango takwas, tana bin bakin ruwa ta kan duwatsu da rairayi. Akwai wuraren hawan raƙuman ruwa. Akwai tsibiran Siyes, waɗanda aka sa cikin gandun kāriya na ƙasa a shekarar 2002, shekarar da man ya zuba. Da bazara sai da izini ake shiga, ana ƙayyade yawan masu shiga kowace rana, kuma kowa da shararsa yake komawa.

Wani zai ce, in dai hidima ce, ina ruwanta da iyo da tuƙin kwale-kwale? 'Yan'uwana, kada mu fi Ubangiji tsanani. Mai Zabura ta 104 ya dubi faɗin teku da jiragen da ke ratsa shi da manyan halittun da ke ciki, ya ga cewa har wasa Mahalicci ya shirya musu a cikin ruwa. A Bishara ta Markus, sura ta 6, Yesu da kansa ya janye almajiransa cikin jirgi zuwa wurin da ba kowa domin su huta, bayan sun gaji da aiki. A Yohanna sura ta 21, bayan tashinsa daga matattu, a bakin ruwa ya hura wuta ya gasa musu kifi, sai da suka ci kafin ya ɗora wa Bitrus nauyin kiwon garke. Wanda bai taɓa ganin kyan abu ba, da wuya ya ji zafin lalacewarsa. Yaron da ya kwana a gaɓa ya ga rana tana faɗawa cikin ruwa, ya ji ƙarfin igiya ta ɗaga shi sama kamar kara, ya san ƙanƙantarsa a gaban Mahalicci, shi ne gobe ba zai iya ganin kwalba cikin rairayi ya wuce ba. Waliyi Faransis na Asisi, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa majiɓincin masu kula da muhalli a 1979, murna ce ta fara kai shi ga halitta, kafin kulawa ta biyo baya. Saboda haka jin daɗi ba shi ne abin tsoro cikin wannan tafiya ba. Abin tsoro yana wani wuri, kuma Bishara ta yau ta nuna mana shi.

Roƙon uwar 'ya'yan Zabadi

Uwar Yakubu da Yohanna ta zo ta durƙusa gaban Yesu, ta roƙa wa 'ya'yanta kujerun da suka fi kusa da shi cikin mulkinsa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba mugayen mutane ba ne. Sun bar jirgi da taru, sun bi shi da gaske, sun taka hanyoyin Galili da Yahudiya tare da shi. Amma cikin tafiya mai kyau sai sha'awar kujera ta ɓuya. Yesu bai kore su ba. Ya juya maganar daga kujera zuwa ƙoƙo, ya tambaye su ko za su iya shan ƙoƙon da shi zai sha. Sa'an nan ya kira sha biyun duka ya koya musu cewa a gidansa hidima ce ma'aunin girma, kuma shi da kansa ne farkon mai yin ta, har ya ba da ransa.

Kujerar zamaninmu ba ta katako ba ce. Hoto ne a Facebook, mutum riƙe da buhun shara, teku a bayansa. Takardar yabo ce da za a haɗa da takardun neman aiki. Suna ne cewa wane ya je ƙasar waje ya yi taimako. Ana iya ƙetare teku domin kujera, a dawo ba a ko shinshina ƙoƙon ba. Ƙoƙon kuwa shi ne durƙuson nan na Mushiya, inda fuskokin duka suna rufe da takunkumi, ba a san ɗan attajiri ba, ba a san ɗan talaka ba, kuma aikin jiya teku ya shafe shi kafin gari ya waye. Yaya ƙungiya za ta san wanne ta je nema? Ga tambayoyi uku da ya kamata shugabannin matasa, da iyaye, da duk mai shirya irin wannan tafiya su yi wa kansu.

Ta fari: wa ke ja gaba a wurin aiki? Da ɗan gari akan ci gari. A lokacin Prestige, baƙin da suka yi amfani su ne waɗanda suka sa kansu ƙarƙashin ƙungiyoyin masunta da hukumomin garuruwa, aka ce musu nan za ku tsaya, haka za ku yi. Kyakkyawar niyya ba tare da sani ba tana iya ɓarna. Ciyawar teku da ruwa ke yarwa a gaɓa ba shara ba ce, abinci ce ga ƙananan halittu. Tuddan rairayi suna da tsiro mai riƙe su, wanda taku ke kashewa. Akwai ɗan tsuntsu a gaɓar Galisiya da ke yin ƙwai a fili a kan rairayi, ƙwan kuma launinsa ɗaya da ƙasa; baƙo mai gaggawa zai murƙushe shi bai sani ba. Haka kuma a wajen wasa. Gaɓar da ta haɗiye jiragen ƙarfe ba za ta ji tsoron ɗan saurayi mai alfahari ba. Idan masu tsaron ruwa sun kafa jar tuta, a fita daga ruwa. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, a sashe na 2290, ya ɗora laifi mai nauyi a kan wanda ya jefa ransa da na waɗansu cikin hatsari saboda maye ko son gudu, a hanya ne, ko a teku, ko a sama. Biyayya ga wanda ya san wurin sashe ne na tawali'u.

Ta biyu: an yi lissafi da gaskiya? Ubangiji ya yi mana misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya ƙididdige kuɗinta. Jirgin sama mai yake sha, hayaƙinsa kuma yana ƙara ɗumamar yanayin da ake kuka da ita. Ƙungiyar da ta yi tafiyar dubban kilomitoci ta tsince buhu goma na leda, kada ta ruɗi kanta cewa ta ceci teku. Gaskiyar magana ita ce ta je makaranta, kuma ita ce ta fi cin riba. Wannan ba abin kunya ba ne in an faɗe shi yadda yake. Amma wanda ya ci riba yana da bashi a kansa. Ya kwana a masaukin 'yan gari, ya sayi kifinsu, ya biya mai jirgin da ya ɗauke shi haƙƙinsa cikakke, ya gaishe su da harshensu ko da kalma biyu ce. Ranar Lahadi kuma ya nemi majami'arsu ya durƙusa tare da su a Misa, gama tafiyar da ta sami lokacin iyo ta rasa lokacin Ubangiji ta riga ta nuna abin da ta je nema.

Ta uku, wadda ta fi sauran nauyi: me ya sāke bayan an dawo gida? Mafi yawan robar da ke cikin teku daga tudu take fitowa, ta magudanai da koguna. Wannan ya shafe mu kai tsaye, ko da yake muna nesa da gaɓa. Kogin Kaduna yana zuba cikin Kwara, Binuwai yana haɗuwa da Kwara a Lokoja, su gangara tare su shiga Tekun Atilantika, tekun nan ɗaya da ke bugun duwatsun Mushiya. Ledar ruwan sha da aka yar a ƙofar majami'a bayan Misa, in ba ta toshe kwata ta jawo mana ambaliya cikin wannan damina ba, hanyar kogi za ta bi. Hannun da ya tankaɗe rairayi a ƙasar waje, in ya dawo ya jefa kwalba ta tagar mota, kujera ya je nema. Wanda kuwa bai taɓa riƙe fasfo ba, amma ya shiga kwatar unguwarsu da shebur, ba mai ɗaukar hotonsa, ya sha daga ƙoƙon da 'yan farar ambaliya suka sha.

Abin da Ikilisiya ke koyarwa

Kada kowa ya ɗauka wannan sabuwar magana ce da aka aro daga 'yan siyasa. Littafin Farawa, sura ta 2, ya nuna cewa aiki biyu aka danƙa wa Adamu cikin gonar Adnin, noma da tsaro. Katikizim, a sashe na 2415, ya sa girmama halitta ƙarƙashin doka ta bakwai, wadda ta hana sata, domin albarkar ƙasa da ta ruwa rabon waɗanda ba a haifa ba tukuna tana ciki. A saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, 1 ga Janairu 1990, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya bayyana cewa lalacewar muhalli matsala ce ta halin kirki, wadda ta shafi lamirin kowane mai bi. Marigayi Paparoma Faransis, a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya nuna cewa duk inda aka cuci ƙasa, matalauta ne ke fara shan wahalar. Galisiya ta shaida haka: waɗanda suka ci ribar tsohon jirgi suna nesa, masunci da mai tonon ƙumba su ne suka shaƙi warinsa. A wannan shekara ta 2015 ne kuma ya keɓe 1 ga Satumba ta zama ranar addu'a domin kula da halitta, kuma daga ranar har 4 ga Oktoba, Idin Waliyi Faransis, Kiristoci na ɗariku dabam-dabam suna kiyaye Lokacin Halitta.

Makonni kaɗan suka rage mana kafin wannan lokaci. Ina roƙon ƙungiyar matasa, da Zumuntar Mata Katolika, da mawaƙa, da katikis na kowace majami'a, su zauna da Fada su zaɓi wuri guda, magudanar ruwa ko bakin rafi ko gefen kasuwa, su riƙe shi. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. A gayyaci maƙwabta, Kirista da Musulmi, gama ambaliya ba ta tambayar addinin mai gida. Bayan aiki kuma a ci abinci tare, matasa su yi wasanninsu, a yi murna. Waɗanda Allah ya buɗa wa ƙofar tafiya, ko zuwa Santiyago a Shekara Mai Tsarki ta 2027, sa'ad da idin yau zai faɗo ranar Lahadi, ko zuwa wata gaɓa dabam, su tafi da albarkarmu, su tafi kuma da tambayoyin nan uku a zuciya.

Kammalawa

Manzo Bulus ya tuna mana a karatu na fari cewa cikin tukwanen ƙasa aka zuba dukiyar da muke ɗauke da ita. Yakubu tukunyar ƙasa ne. Ya so kiran wuta daga sama a kan wani ƙauyen Samariyawa, ya nemi kujerar gaba, barci ya ɗauke shi a Gatsemani. Duk da haka shi ne ya riga sauran Manzanni shan ƙoƙon. Saboda haka kada mu raina matashin da ya fara tafiya domin hoto. Ubangiji ya saba karɓar niyya mai gauraye ya tace ta a hanya. Namu shi ne mu faɗa masa gaskiya, mu kuma riga shi ɗaukar shebur.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Uba Mai Iko Dukka, kai da ka sa wa teku iyaka, ka kuma cika shi da rai, ka kiyaye masunta da matuƙan jiragen ruwa da dukan matafiya. Ka tsare 'ya'yanmu da ke ƙasashen waje, ka ba su zuciya mai murna da aikin hannuwanka da hannu mai saurin hidima. Ka gafarta mana ɓarnar da muka yi wa ƙasa da ruwa. Ta wurin roƙon Budurwa Maryamu da na Waliyi Yakubu Manzo, ka ba mu ƙarfin zaɓen ƙoƙon Ɗanka. Mun roƙa ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.